Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Hoton Wurin Tarihi Ba Ya Fitowa Yadda Ido Ya Gani?

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan abu guda. Mutum ya yi doguwar tafiya, ya tsaya a gaban gini ko tsauni ko ruwan da ya cika masa ido, ya ɗauki hoto, ya koma masauki ya buɗe waya, sai ya tarar abin bai kai rabin yadda ya gani ba. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna wuri ɗaya.

Tambaya: Malam, na je Taj Mahal a Indiya. A wasu hotunan ginin ya fito fari fat, ba a ganin zanen jikinsa, a wasu kuma ya fito toka-toka kamar an buɗa masa ƙura. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, lissafinta ne ya ruɗe. Kyamarar waya ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Tana auna hasken da ke cikin hoton gaba ɗaya, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki. Idan ka tsaya nesa, ginin ya zama ƙarami a tsakiyar itatuwa masu duhu, sai ta ɗauka wurin duhu gare shi, ta ƙara haske, farin dutsen ya ƙone. Idan kuma ka matso har ginin ya cika fuskar wayar, sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, dutsen ya koma launin toka. Ciwo ɗaya ne, fuska biyu.

Kafin ka ɗauka, ka taɓa jikin ginin a kan fuskar wayar. Wata alama mai kama da rana za ta bayyana a gefe, ko wani layi da ake ja. Idan ginin na ƙonewa, ja shi ƙasa har ka fara ganin layukan da ke tsakanin duwatsu da rubutun da ke kewaye da ƙofa. A wayar da ke nuna lamba, daga -0.3 zuwa -1 ya wadatar. Idan toka-toka yake fitowa, ɗaga zuwa +0.7. Da ka samu daidai, danne yatsanka a wurin na kamar sakan 2, wayar za ta kulle awon, ba za ta riƙa canzawa ba duk lokacin da wani mai baƙar riga ya gifta.

In za ka yi kuskure, gara ka yi shi ta ɓangaren duhu. Hoton da ya ɗan yi duhu ana farfaɗo da shi a manhaja. Wurin da ya ƙone kuwa, ɗigon hoton ya riga ya kai lamba 255, wato ƙarshen fari, babu wani bayani da ya rage a ƙarƙashinsa da za a tono.

Lokacin zuwa ma yana da nasa. Ana buɗe Taj Mahal minti 30 kafin fitowar rana, ana rufe shi ga masu ziyara ranar Juma'a, kuma an hana ɗaukar hoto a cikin babban ɗakin kabarin. Hasken sassafe yana zuwa ne daga gefe, yana jefa ƴar inuwa a kowane sassaƙa, shi ya sa zanen ke fitowa. Da rana tsaka haske daga sama yake dukan dutsen, komai ya baje. Sai dai a watannin Disamba da Janairu hazo kan rufe Agra da safe, har ginin ya ɓace gaba ɗaya. A irin wannan lokaci ka jira la'asar, ka tsallaka kogin Yamuna zuwa lambun Mehtab Bagh, inda ake hango ginin ta baya.

Tambaya: Duk dogon ginin da na ɗauka sai ya fito kamar zai faɗi ta baya, samansa ya tsuke. Ya ake yi?

Amsa: Hajiya, kina ɗaga kan wayar ne don ki kama saman ginin. Da zarar bayan waya ya daina fuskantar bango sak, ƙasan ginin ya fi kusa da idon kyamara, samansa ya fi nisa, sai layukan da suke a miƙe su riƙa haɗuwa a sama. Idon nan mai faɗi da aka rubuta wa 0.5 ya fi kowanne yin wannan ɓarna, har ma yana miƙar da duk abin da ya faɗo a gefen hoto, mutum ne ko ginshiƙi.

Akwai lissafin da zai taimake ki. Babban idon mafi yawan wayoyi yana daidai da milimita 24 zuwa 26 na kyamarar ƙwararru. Idan kika riƙe wayar a tsaye ba tare da karkata ba, tana ganin sama har kimanin kashi 2 cikin 3 na nisan da ke tsakaninki da ginin. Ma'ana, ki ja da baya ninki ɗaya da rabi na tsayin ginin. Al-Khazneh na Petra a Jodan tsayinsa ya kusa mita 40, ke nan kina buƙatar mita 60. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris mita 330 ce, sai kin ba ta kusan mita 500, shi ya sa masu hoto ke tsallake kogin Seine su hau dandalin Trocadéro. Rabin hoton na ƙasa zai zama fili ne kawai. Ko ki yanke shi daga baya, ko ki nemi abin da zai cike shi, kamar hanya ko ruwa mai nuna hoton ginin.

Ki kunna layukan raga a saitin kyamara, ki daidaita gefen gini da ɗaya daga cikinsu. Inda babu wurin ja da baya, ki bar sarari mai yawa a kewayen ginin, domin gyaran karkata da ke cikin Snapseed ko Lightroom ko manhajar hotunan iPhone yana cinye gefe da gefe. Kada ki miƙar da shi sarai, ki bar ɗan tsukewa kaɗan, in ba haka ba ginin zai yi kamar kansa ya fi gindinsa girma. Kuma ki lura da maɓallin gyara da kansa: hasumiyoyi 4 na Taj Mahal da gangan aka ɗan karkatar da su waje, hasumiyar Pisa ta Italiya kuwa karkatarta ta kusan digiri 4 ita ce dalilin zuwa. A wurare irin waɗannan layin ƙasa za ki daidaita, ki ƙyale ginin yadda yake.

Tambaya: Wayata an ce tana zuƙo abu har ninki 100. Na gwada a dalar Giza ta Masar, hoton ya fito kamar zanen fenti da ruwa ya taɓa.

Amsa: Zuƙowa iri biyu ce. Akwai ta gilashi, wadda wayar ke komawa wani ido na daban mai hangen nesa, galibi ninki 2 ko 3 ko 5. Akwai kuma ta lissafi, wadda yanka tsakiyar hoton kawai take yi ta buɗa shi. A hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, zuƙowar lissafi ninki 2 tana barin 3 ne, ninki 4 kuma ƙasa da 1. Sauran duk manhaja ce ke ƙirƙira, shi ne kamannin fentin da ka gani. Wayoyi masu megafiksel 48 ko 50 suna iya yin ninki 2 ba tare da asara mai yawa ba, domin abin da ya rage ya kai 12.

Saboda haka ka tsaya a kan lambobin da aka rubuta a maɓallan kyamarar, kada ka riƙa buɗa yatsu biyu zuwa 3.7 ko 8.2. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: idan haske ya yi ƙasa, waya kan bar idon hangen nesa a ɓoye ta koma yankan babban ido, alhali lambar tana nan tana nuna ninki 3. In kana son ka gane, rufe idon hangen nesan da yatsa. Idan hoton bai yi duhu ba, ba da shi take aiki ba.

A Giza akwai ƙarin matsala, wato zafi. Da rana iskar da ke tashi daga rairayi tana rawa, duk abin da ke nesa sai ya yi dishi-dishi komai tsadar kyamara. Da safe kafin ƙasa ta ɗauki zafi ake zuƙowa. Idon hangen nesa yana da wani amfani ban da kusantowa: yana sa abin da ke baya ya matso kusa da na gaba. Ka tsayar da mutum ko raƙumi nesa da kai, ka ɗauka da ninki 3, za ka ga dalar Khufu, mai tsayin kusan mita 138 a yau, ta tashi a bayansa kamar tsauni. Ka ɗauki wannan mutumin da idon 0.5 yana kusa da kai, dalar za ta koma ƴar tulin ƙasa.

Tambaya: Na tashi da asuba don hoton Angkor Wat a Kambodiya, ginin ya fito baƙi ƙirin.

Amsa: Haka zai fito. Angkor Wat yamma yake fuskanta, rana ta bayansa take fitowa. Hoton asuba a can hoton inuwar hasumiyoyi ne a kan jan sama, da kamanninsu a cikin tafkunan da ke gaba. Ka taɓa sama don wayar ta auna ta, ka sauko da wayar kusa da ruwa, ka bar ginin ya yi baƙinsa. In sassaƙar dutsen kake so, ka dawo da la'asar lokacin da rana ke dukan fuskarsa. Kafin ka je kowane wuri, duba a taswira ina ginin ya fuskanta. Manhajoji irin PhotoPills da Sun Surveyor suna nuna inda rana za ta kasance a kowace sa'a ta kowace rana.

Tambaya: A cikin manyan gine-gine irin Hagia Sophia ta Santambul hotunana suna girgiza, suna da tsaki-tsaki, wani lokaci har da layuka masu duhu a kwance. Filasha ma ba ta taimaka.

Amsa: Kashe filashar tukuna. Ƙarfinta bai wuce mita 2 ko 3 ba, ƙubbar Hagia Sophia kuwa ta haura mita 55 daga ƙasa. Ƙeyar wanda ke gabanka kawai za ta haska, sannan gidajen tarihi da yawa sun hana ta.

A wuri mai duhu hanya biyu ce kawai waya ke da ita. Ko ta bar idonta a buɗe na tsawon lokaci, wanda ke kawo girgiza, ko ta ɗaga lambar ISO, wato ƙarfin jin haskenta, wadda ke kawo tsaki-tsaki. Aikinka shi ne ka ba ta damar bin hanyar farko ba tare da motsi ba. Ka yi amfani da babban ido, ninki 1, domin shi ya fi kowanne shan haske. Ƙofarsa kan kasance f/1.8 ko kusa da haka, ta idon mai faɗi kuma f/2.2 ko f/2.4, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, bambancin haske daga ninki ɗaya da rabi ne zuwa kusan biyu, ga shi allon kama haskensa ya fi girma. Ka matse gwiwar hannu a jikinka, ka jingina kafaɗa da ginshiƙi inda aka yarda a taɓa, ka sa agogon jira na sakan 3 don dannawar yatsa kada ta girgiza wayar. Ka ɗauki 3 ko 4 a jere, ɗaya zai fi sauran kaifi. Hoton rufi kuwa, ka sa agogon sakan 10, ka kwantar da wayar a kan benci ko jaka, fuskarta ƙasa, idon baya na kallon sama, ka ja gefe.

Layukan nan masu duhu daga fitilun wurin suke. Wutar lantarki tana kai da komo sau 50 a sakan a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, sau 60 a Amurka da Kanada, wasu fitilun kuma suna ƙiftawa da ita, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Ka shiga sashen da aka rubuta Pro, ka sa saurin buɗewa, wato tsawon lokacin da ido ke zama a buɗe, 1/50 ko 1/100 na sakan a ƙasashen rukunin farko, 1/60 ko 1/120 a na biyu. Layukan za su ɓace. A bidiyo kuma ka zaɓi hoto 25 a sakan maimakon 30 idan kana ƙasar rukunin farko.

Ka kuma karanta allon da ke ƙofa. A ɗakin Sistine na fadar Vatican an hana hoto kwata-kwata. Sanda mai ƙafa uku ta ɗora kyamara ba ta shiga Taj Mahal ko Machu Picchu na Peru. Inda wurin ibada ne da ake amfani da shi, ginin ka zo ɗauka, ka kawar da wayar daga fuskar masu ibada.

Tambaya: Ina son in yi hoton nan da ruwa ke fitowa laushi kamar auduga. Za mu je mafaɗar ruwan Victoria. Da na rage saurin buɗewa sai hoton ya zama fari gaba ɗaya.

Amsa: Don ruwa ya yi laushi, ido sai ya zauna a buɗe daga kwata na sakan zuwa sakan 1. Matsalar ita ce ƙofar idon mafi yawan wayoyi ba ta tsukewa, a buɗe take ko da yaushe. Da rana mai haske, ko ka sauke ISO zuwa 50, waya na buƙatar kimanin 1/4000 ne kawai. Ka ba ta kwata na sakan, ka ba ta hasken da ya ninka buƙatarta sau dubu. Maganinsa baƙin gilashin da ake maƙalawa a gaban ido, kamar tabarau. Wanda aka rubuta wa ND1000 yana rage haske daidai sau dubun nan. Idan da asuba ne ko cikin inuwa, ND64 ya isa. Dole kuma wayar ta zauna a kan wani abu daram.

Akwai hanya mai sauƙi. A iPhone, ka ɗauka da Live a kunne, wanda ke kama sakan ɗaya da rabi kafin dannawa da bayanta, sannan ka buɗe hoton ka zaɓi Long Exposure, wayar za ta narkar da su wuri guda. Wayoyin Pixel da wasu na Android suna da irin wannan a cikin kyamararsu. Gefen hoton yana ɗan yankewa, ka bar sarari.

Sai dai a ganinmu, ga ruwa irin na Victoria, mai faɗin mita 1,700 da zurfin da ya kai mita 108, laushin nan yana kashe masa ƙarfi. Mutanen wurin suna kiransa Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. Ka gwada 1/1000, wanda zai tsayar da kowane feshi a iska, ka kwatanta su.

Babban abokin gabarka a can feshin ne. A wajen watan Afrilu, lokacin da kogin Zambezi ya cika, yana sauka kamar ruwan sama har ya rufe gani. A Oktoba da Nuwamba ruwan ya ja, duwatsu sun bayyana, musamman ta ɓangaren Zambiya. Ka riƙe ƙyallen goge tabarau guda 2 a cikin leda, ka juya baya ka goge idon, ka juyo ka ɗauka nan take. Ɗigo ɗaya a kan ido ya isa ya ɓata rabin hoto. Jiƙaƙƙiyar fuskar waya ba ta jin yatsa, ka danna da maɓallin ƙara sauti. Kada ka sa caji sai ramin cajin ya bushe. Bakan gizo kuma yana fitowa ne idan rana na bayanka kuma ba ta haura digiri 42 daga ƙasa ba, wato da safe ko da yamma.

Tambaya: Waya za ta iya ɗaukar koren hasken nan na sararin samaniya da ake gani a Norwe?

Amsa: Za ta iya, har ta fi idonka ganin koren, domin tana tara haske na sakanni da yawa. A Tromsø ana ganinsa daga Satumba zuwa Maris, idan sama ta washe kuma an fita daga fitilun gari. Ka ɗora wayar a kan sanda mai ƙafa uku. A sashen Pro, ISO 1600, buɗewa sakan 8, ka kashe neman kaifi na kai-tsaye ka tura shi ƙarshe wurin alamar tsauni, sannan ka zuƙo tauraro ɗaya ka tabbatar ya zama ɗigo. Idan hasken na rawa da sauri, sauko zuwa sakan 3 ko 4 ka ɗaga ISO zuwa 3200, in ba haka ba labulen zai cakuɗe ya zama koren hayaƙi. Kada ka wuce sakan 20, taurari za su fara jan wutsiya saboda juyawar duniya. A iPhone yanayin dare yana kaiwa sakan 30 idan ya ji wayar ba ta motsi.

Sanyi shi ne sauran aikin. Apple ya ce wayarsa an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Celsius. Ƙasa da haka batir na iya nuna kashi 40 ya mutu farat ɗaya, ya dawo da ya ji ɗumi. Ka ajiye wayar a aljihun ciki har lokacin ɗauka. Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, ka sa ta a leda mai zif tun kana waje, ka bar ta minti 30, gumin zai kwanta a jikin ledar maimakon cikin ido.

Tambaya: Ya zan cire mutane daga hoto? Ko ina cike yake da jama'a.

Amsa: Magogin goge mutum daga hoto da ke cikin Google Photos da wayoyin Samsung da sababbin iPhone yana aiki sosai idan bayan mutumin sama ce ko rairayi ko ciyawa. Idan bango ne mai sassaƙa ko rubutu, abin da zai cike gurbin ƙirƙira ce, zai zana maka tarihin da ba a taɓa yi ba. Ka isa lokacin buɗe ƙofa, ka wuce kai tsaye wurin da ya fi jan jama'a, ko ka ɗaga wayar ka yanke ƙasan hoton. Mutum ɗaya ko biyu ma ka bar su, su ne ke nuna girman wurin.

Tambaya: Tafiyar kwana 10 zan yi. Wane irin wuri zan tanada, kuma ya zan kare hotunan kada su ɓace? Wancan karon da na tura su ta WhatsApp duk sun lalace.

Amsa: Ka yi lissafi da hoto 200 a rana. Hoto na yau da kullum yana cin kamar MB 3, jimilla GB 6. Idan ka kunna RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, a iPhone kowanne MB 25 ne a megafiksel 12, MB 75 a megafiksel 48, jimilla GB 50 ko GB 150. Don haka ka ajiye RAW don wurare masu wahalar haske, kamar faɗuwar rana ko cikin gini mai tagogi. Bidiyo ne ke cinye wuri a ɓoye: minti 1 na 4K yana cin MB 170 a hoto 30 a sakan, MB 400 a hoto 60 a sakan.

Kowane dare hotunan su kwana a wuri biyu aƙalla, kuma wuraren kada su shiga jaka ɗaya. Ka sayi ƙaramin faifan ajiya mai bakin USB-C, wanda ke shiga mafi yawan wayoyin Android da iPhone 15 zuwa sama. Ka tsara shi da exFAT, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura GB 4, sai dogon bidiyo ya tsaya a rabi. Ma'ajiyar intanet ita ce ta uku, amma kyautar Google GB 15 ce, tare da wasiƙunka na Gmail, ta iCloud kuma GB 5.

A nan mutane suka fi faɗawa rami. Waɗannan ma'ajiyoyi madubin wayarka ne. Ka goge hoto a iPhone mai iCloud a kunne, ya gogu a can ma, sai dai ka ceto shi daga kwandon shara cikin kwana 30. A Google Photos, in kana son wuri, ka bi ta maɓallin Free up space, wanda ke cire kwafin waya kawai bayan ya tabbatar an ɗora shi. Kuma ka buɗe ka ga an rubuta an gama ɗorawa, intanet ɗin masauki kan yanke da dare.

WhatsApp yana rage girman hoto yana matse shi, yana kuma cire ranar ɗauka da wurin. Maɓallin HD yana rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. Ka tura a matsayin fayil ta alamar maƙala takarda, zai isa yadda yake. Amma ka sani a wannan yanayin bayanin inda aka ɗauki hoton yana tafiya tare da shi.

Tambaya: Za a bar ni in shiga jirgi da fawabank da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi?

Amsa: Fawabank a jakar hannu yake tafiya, ba ya shiga kayan awo. Iyakar da aka saba Wh 100 ce, Wh kuwa ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne. Don samun Wh, ka ninka lambar mAh da ke rubuce a jikinsa da 3.7 ka raba da 1,000: mai 20,000 ya zama 74, za a bar shi ya shiga, mai 27,000 yana bakin iyaka, mai 30,000 ya zama 111, sai da izinin kamfanin jirgin. Wanda ya haura 160 ba ya hawa. Idan rubutun jikinsa ya goge, ana iya karɓe shi. Wasu kamfanonin sun hana amfani da shi a cikin jirgi, ka duba dokar naka.

Jirgi mara matuƙi kuwa, dokar ƙasar da za ka ce abin dubawa tun kafin ka haɗa kaya. A Masar da Moroko kwastan na karɓe shi a filin jirgi idan babu izini. Amurka ta hana tashinsa a gandun shaƙatawarta na ƙasa, har da Grand Canyon, tun 2014.

Tambaya: Na kwashe hotunan zuwa kwamfuta, wasu sun ƙi buɗewa. Waɗanda na buga a takarda kuma sun fi duhu.

Amsa: Waɗanda suka ƙi buɗewa za ka ga sunansu ya ƙare da HEIC. Tsari ne da ke rage girman fayil kusan rabi, amma Windows na buƙatar ƙarin manhajar HEIF Image Extensions daga shagon Microsoft kafin ta gane shi. In ba ka son wahalar nan gaba, a saitin kyamarar iPhone ka zaɓi Most Compatible, za ta koma JPEG.

Duhun bugu daga allon kwamfutarka yake. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa aron haske take yi. Ka rage hasken allon zuwa rabi ko ƙasa kafin ka fara gyara. Ka fara da miƙar da layin ƙasa da yanka, sannan ka sauke wurare masu haske, ka ɗaga inuwa kaɗan, launi ya zo daga ƙarshe, da hannu mai sauƙi, domin jan dutsen Petra yana saurin komawa ruwan lemo. Ka fitar da fayil ɗin a tsarin launi na sRGB, kuma ka yi aiki a kan kwafi, kowane sake ajiye JPEG yana rage masa inganci.

Game da girma, hoto mai megafiksel 12 ɗigo 4032 ne a tsawo, 3024 a faɗi. A ɗigo 300 kowane inci, ma'aunin bugu mai kyau, zai ba ka kimanin santimita 34 da 25. Na rataye a bango, da ake kallo daga nesa, ɗigo 150 ya isa, girman ya ninka. Ka fara buga ƙarami ɗaya na gwaji, ka duba shi a hasken ɗakin da za a rataye shi, sannan ka ba da aikin babban.